Tsaga, Jarfa da Tatu: Nazarin Kalmomin Zanen Jiki da Alamar Mai Fasaha a Lafiyar Barebari

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. A zamanin da, har labarin asali ma fuska ake tambaya. Mutum kan dubi kuncin baƙo ya gane ƙasarsu da zuriyarsu tun kafin baƙon ya gama sallama, domin askar wanzami ta riga ta rubuta amsar tun ranar suna. Wannan irin karatu yana ta ja da baya, har ya zama da wuya a ga yaron birni ɗauke da tsagar gidansu. Ana cikin haka sai ga wani sabon zanen jiki, wanda ake kira tatu, ya shigo ta hanyar mawaƙan zamani da 'yan ƙwallo da taurarin finafinai, waɗanda suka mai da fatar jikinsu wurin bayyana ko su wane ne. Da masu yabon abin da masu sukarsa, da yawa sun ɗauka cewa tsaga ce ta dawo da sabon suna.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa harshen Hausa bai goyi bayan wannan ɗauka ba. Hausa ta daɗe da rarraba zanen jiki gida-gida, kuma ma'auninta shi ne: wane ne ya zaɓi zanen, sa'an nan wa zanen yake wakilta? Idan aka bi wannan ma'auni za a ga cewa tatu ɗan'uwan jarfa ne, ba shi da gadon tsaga. An ɗauki garin Lafiya, hedkwatar jihar Nasarawa, a matsayin fagen misali. Za a fara da taƙaitaccen bayani a kan garin, a bi da kalmomin zanen jiki da abin da nahawunsu ya nuna, daga nan a dubi yadda mai fasaha yake sa wa kansa alama jiya da yau.

2.0 Lafiya: Harshe Ɗaya, Fuskoki Da Yawa

Muhammadu Dunama da jama'arsa ne suka kafa Lafiyar Barebari wajen ƙarshen ƙarni na 18, a inda wani ƙauye mai suna Anane yake. A zamanin Muhammadu Agwai (1881-1903) kasuwar garin ta bunƙasa, aka kuma buɗe hanyar fatauci zuwa Loko da ke bakin kogin Binuwai. Da aka ƙirƙiro jihar Nasarawa daga tsohuwar jihar Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996, sai Lafiya ta zama hedkwata, sa'an nan a 2011 aka kafa jami'ar tarayya a garin.

Abin da ya sa garin ya dace da wannan nazari shi ne yawan al'ummun da suka haɗu a cikinsa da kewayensa. Akwai zuriyar waɗanda suka kafa shi, da ake kira Kambari ko Barebari. Akwai Alago na Doma da Keana, da Eggon, da Migili, da Gwandara, da Tibi, da Fulani, da Hausawa 'yan kasuwa, ga kuma Ibo da Yarabawa. Hausa ce harshen da ke haɗa waɗannan jama'a a kasuwa da tasha, kuma ita ce harshen yau da kullum na su Barebarin garin. To, a inda kowa ke jin Hausa, baki ba ya saurin tona asali, sai dai fuska. Lovejoy (1973, 1980) ya yi bayanin irin wannan hali game da fataken goro na ƙasar Hausa a ƙarni na 19, wato Kambarin Barebari da Agalawa da Tokarawa: dukkansu Musulmi ne masu magana da Hausa, amma kowane rukuni ya riƙe asalinsa ta hanyar tarihin tasowa da auratayya da tsagar fuska. Ke nan al'umma tana iya sakin harshen kakanninta ta ci gaba da riƙe askarsu. Wannan shi ne aikin da tsaga ta yi a garuruwa irin Lafiya, kuma shi ya kamata a riƙe a zuciya kafin a gwama ta da tatu.

3.0 Kalmomin Zanen Jiki a Hausa

Ƙamusoshin Bargery (1934) da Abraham (1949) sun tattara kalmomi da dama na zanen jiki. Kafin su, Tremearne, wanda ya yi aiki a Jama'a lokacin tana cikin Lardin Nasarawa, ya wallafa bayani a kan tsagar al'ummun Nijeriya a 1911. Idan aka dubi yadda Hausawa suke amfani da waɗannan kalmomi, za a iya kasa su gida huɗu.

3.1 Tsagar Gado

Ita ce wadda ake yi wa jariri, galibi ranar suna, domin a nuna zuriyar ubansa. Ana kiran ta tsaga, ko aska, ko shasshawa. Wanzamin gida ne ke yin ta, ya shafa baƙin tukunya ko garin gawayi a kan yankan domin zanen ya fito sosai bayan ya warke. Daga cikin sunayen da aka fi sani akwai:

(1) a. bille: tsaga guda a karkace a kan kunci
b. 'yar baka: gajerun layuka a gefen baki
c. fashin goshi: tsaga guda a tsaye a tsakiyar goshi
d. uku-uku: layuka uku a kowane gefe na fuska
e. zube: dogayen layuka masu yawa a kan kunci
f. kalangu: tsagar kunci da ta ci sunan gangar da aka sani

An san Gobirawa da layuka shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Game da Barno kuwa, Denham, wanda ya zauna a can daga 1823 zuwa 1824, ya ba da labarin cewa ya ga ana yi wa yara layuka ashirin a kowane gefe na fuska, da guda a tsakiyar goshi, ban da na hannuwa da ƙafafu. Ba kullum tsaga take nuna jini ba; Stilwell (2004) ya nuna cewa uku-uku alama ce ta bayin Sarki a fadar Kano, wato tana nuna gidan da mutum yake ƙarƙashinsa. Haka kuma, lokacin da Ingila ta fara kama jiragen bayi tana sauke mutanen a Saliyo daga 1808, magatakarda sun riƙa rubuta sunan kowane mutum da shekarunsa da tsawonsa da irin tsagar da ke jikinsa, kuma masana tarihi suna amfani da waɗannan rajistoci wajen gano ƙasashen da aka ɗebo su.

Tsagar gado tana da aiki a cikin magana ma. Ita ce ke gaya wa mutum wanda ya halatta ya tsokana da wasan taubasantaka. Bafulatani ya ga askar Barebari, ko Bayarabe ya ga ta Gobirawa, ba ya buƙatar a gabatar masa da kowa kafin ya soma barkwanci.

3.2 Tsagar Magani

Wannan ita ce wadda ake yi domin neman sauƙin wata cuta ko domin kariya. Wanzami kan yi ƙananan yanka a gefen goshi, ko ƙirji, ko ciki, ko gaɓar da ke ciwo, ya cusa garin magani. A wasu wurare akan yi wa ɗan wabi tsagar da ba ta gidansu ba, kamar yadda ake laƙaba masa suna irin Ajefas ko Ajuji, da nufin a ɓad da kamarsa. 'Yan dambe ma sukan tsaga hannun da suke naɗe wa zare su zuba magani. A nan zanen ba shi ne abin nema ba, tabo ne kawai da magani ya bari.

3.3 Jarfa

Jarfa ita ce zanen ado na dindindin, wanda ake yi da ƙananan yanka ko tsire-tsiren fata, a shafa baƙi ko shuni domin launi ya zauna a ciki. 'Yan mata da samari ne suka fi yin ta, a fuska ko wuya ko ƙirji ko hannu, bayan sun yi wayo. Matan Fulanin daji sun yi fice a kanta har yau. Abu biyu ya raba ta da tsagar gado: mai ita ne ke zaɓar ta, kuma tana bin yayi. Maƙwabtan Lafiya na kudu sun ba da kyakkyawan misali a nan. Bohannan (1956) ya gano cewa zanen jikin Tibi ba alamar zuriya ba ne, ado ne da ke sauya salo daga tsara zuwa tsara, ta yadda za a iya ƙiyasta zamanin samartakar mutum daga irin zanen da ke jikinsa. Ke nan a kasuwa ɗaya a kudancin Nasarawa ana iya cin karo da fuskoki biyu masu zane, ɗaya tana faɗin gidan da aka haifi mai ita, ɗaya tana faɗin zamanin da mai ita ya yi tashe.

3.4 Lalle da Katambiri

Waɗannan su ne zanen da ke gogewa. Lalle, wanda ake ƙunsawa a hannu da ƙafa, kalma ce da ta yaɗu a yankin: Barebari suna cewa nalle, Yarabawa kuma laali. Katambiri kuwa 'ya'yan itace ne da ruwansu ke yin baƙi a fata, mata kan zana shi a fuska ya yi 'yan kwanaki ya baje. Zanen fulawa na jan lalle da baƙin dayis, wanda ya game bukukuwan aure da salla, shi ne sabon reshen wannan gida.

4.0 Abin da Nahawu Ya Nuna

Rabe-raben da aka kawo a sama ba a ma'anar kalmomi kaɗai suka tsaya ba. Suna fitowa a ginin jimla ta hanyoyi uku.

4.1 Aikau

A dubi waɗannan jimloli:

(2) a. An yi masa tsagar gidansu.
b. ?Ya yi tsagar gidansu.

(3) a. Ta yi jarfa a wuya.
b. Ta yi ƙunshi.
c. Ya yi tatu a dantse.

A jimla ta (2a) mai tsagar ya zo a matsayin kaikaitaccen karɓau, aikau kuwa an sakaya shi da “an”. Jimla ta (2b) ba ta karya dokar nahawu ba, amma kunnen Bahaushe ba ya karɓar ta a wannan ma'ana, sai dai in ana nufin wanzamin. A jimlolin (3) kuwa mai zanen shi ne aikau, alhali ba shi ya riƙe aska ko allura ba. Wannan daidai yake da yadda ake cewa “ya yi aski”, ko “ya ɗinka riga”, ko “ya gina gida”, inda Hausa take bai wa mutum matsayin aikau saboda shi ya yi niyya ya kuma biya, ko da wani ne ya yi aikin da hannunsa. Abin lura shi ne, da kalmar tatu ta shigo, masu magana ba su yi wata-wata ba suka sa ta a tsarin (3). Ba a jin ana cewa an yi wa jariri tatun gidansu.

4.2 Mallaka

Sunan da ke bin mahaɗin mallaka ma yana nuna wannan bambanci:

(4) a. tsagar Gobirawa, askar Barebari, billen gidanmu
b. jarfar Ladi, lallen amarya, tatun mawaƙin nan

A (4a) al'umma ko gida ake jingina wa zanen, a (4b) kuwa mutum guda. Haka abin yake a tambayoyin da aka saba yi in an ga zane a jikin wani:

(5) a. Tsagar ina ce wannan?
b. Wa ya yi miki wannan ƙunshi?
c. Me wannan tatu yake nufi?

Tambaya ta farko asali take nema, ta biyu gwanin da ya yi aikin, ta uku kuwa ma'anar da mai zanen ya ɓoye a ransa. Tsagar gado ba a tambayar mai ita ma'anarta, domin jama'a duka sun san karatunta, shi ma gaya masa aka yi. Tatu kuwa, in mai shi bai yi bayani ba, sau da yawa ba mai iya karanta shi.

4.3 Ƙirar Sunaye

Sunayen da ke (1) an gina su ne ta hanyoyin da Hausa ta saba da su. Akwai kinaya, inda sunan makami ya zama sunan aikinsa, kamar a “aska”. Akwai harɗaɗɗun kalmomi masu nuna gurbi, kamar “'yar baka” da “fashin goshi”. Akwai ninki mai nuna rabo, kamar “uku-uku”. Akwai kuma aron suna daga wani abu, kamar “kalangu”. Duk waɗannan sunaye ne na sifofi ƙayyadaddu waɗanda kowa ya sani. Tatu bai samar da irin wannan jeri ba, kuma da wuya ya samar, tun da kowane zane na mutum ɗaya ne. Abin da Hausa ta yi masa kawai shi ne ta ba shi jinsin namiji, kamar yadda take yi wa yawancin sunayen da ba su ƙare da wasalin “a” ba, shi ya sa ake cewa “tatun” kamar “billen” da “lallen”, saɓanin “tsagar” da “jarfar”.

5.0 Mai Fasaha da Alamarsa

5.1 Wanzami da Makaɗi

Karin maganar nan da ke cewa wanzami ba ya son jarfa ana kawo ta ne ga wanda ke yi wa mutane abin da ba ya so a yi masa. Amma tana kuma nuna matsayin mai fasahar gargajiya: jikin wani yake yi wa aiki, ba nasa ba. A tsagar gado wanzami ba shi da ikon ƙirƙira ko kaɗan. Gwani shi ne wanda ya kwafi askar uba a fuskar ɗa ba ragi ba ƙari, domin layi guda in ya ƙaru yana iya mai da yaro ɗan wani gida. A jarfa ne kaɗai hannunsa yake sakewa. Shi kansa kuwa da zabirarsa ake gane shi, da kuma sarautar Sarkin Aska in ya kai.

Haka abin yake ga makaɗa da mawaƙa. Makaɗin Hausa yana iya ɗauke da tsagar gidansu kamar kowa, amma ba ita ce alamar fasaharsa ba. Alamarsa tana cikin abin kiɗansa da laƙabinsa da kirarinsa da sunan garin da yake jingina kansa da shi. An san Ibrahim Narambaɗa da kotso, Mamman Shata Katsina (ya rasu 1999) da kalangu, Haruna Uji da gurmi, Barmani Coge (ta rasu 2013) da ƙwarya, Ɗanmaraya Jos (ya rasu 2015) da kuntigi. Mawaƙan situdiyo na yanzu sun bar yawancin waɗannan kayan kiɗa, amma sun riƙe laƙabi, kamar yadda ake gani a sunaye irin Alan Waƙa da Rarara. Wato mai fasahar Hausa a kunne yake sa alamarsa, kuma wannan gurbi ne da tatu ya tarar a cike.

5.2 Tsaga a Finafinan Hausa

Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa, sana'ar ta tashi ne a gaban masu kallo masu sa ido a kan sutura da tarbiyya, ga kuma Hukumar Tace Finafinai ta jihar Kano da aka kafa a 2001. Saboda haka zanen dindindin bai zama abin tinƙaho ga 'yan wasan Hausa ba. Inda tsaga take fitowa shi ne a kwalliyar wasa: a zana wa ɗan wasa bille ko zube da baƙin kwalli domin ya fito a matsayin mutumin da, ko mutumin ƙauye, ko ɗan wata ƙabila, in an tashi aiki ya wanke. A nan tsaga ta tashi daga gida na farko ta koma gida na huɗu, ta zama kaya irin rawani da gemun roba. Illar wannan ita ce, yaron da bai san tsaga ba sai a fim yana iya tashi da fahimtar cewa alamar ƙauyanci ce, alhali sarakuna da malamai da attajirai sun ɗauke ta.

5.3 Tatu

Kalmar ta samo asali ne daga “tatau” na harsunan tsibiran tekun Fasifik, ta shiga Ingilishi bayan tafiyar Kyaftin Cook zuwa Tahiti a 1769. A 1891 Samuel O'Reilly ya yi rajistar injin zane mai aiki da lantarki a Amurka, wanda ya sa aikin ya yi sauri, zanen kuma ya ƙara fitowa dalla-dalla. Ta fuskar yadda ake yin sa, wato cusa launi a ƙarƙashin fata, babu abin da ya raba shi da jarfa sai kayan aiki.

A Nijeriya mawaƙan kudu irin su Davido da Burna Boy suna cikin waɗanda aka fi gani da shi. Abin da masu fasaha irin waɗannan suka fi zanawa shi ne sunan uwa ko na ɗa, ko ranar wani abin tunawa, ko hoton wanda suke koyi da shi, ko wata kalma da suka riƙa a matsayin take. Ke nan aikin da kirari yake yi wa makaɗin Hausa shi tatu yake yi musu: mutum ne ke faɗin kansa da bakinsa. Karin maganar wanzami ta juye a nan, tun da mai fasahar ne da kansa ya miƙa jiki. Lafiya, da take kan hanyar Akwanga zuwa Makurɗi, kuma take karɓar ɗalibai daga kowane sashe na ƙasar nan, wuri ne da waɗannan al'adu biyu suke gogayya, inda matashi mai sha'awar waƙa yake sauraron mai laƙabi da mai tatu a waya ɗaya.

5.4 Wasu Hanyoyi

Akwai masu fasahar da suka bi da zanen jiki ta wata hanya dabam. Uche Okeke, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, ya ɗauko uli, wato zanen jikin matan Ibo, ya mai da shi kan takarda, har ya zama tushen salon makarantar Nsukka. Joana Choumali ta ƙasar Kwaddibuwa ta ɗauki hotunan masu tsaga a birnin Abijan a 2013 da 2014, a matsayin tsara ta ƙarshe. A 2018 kuma Adetutu Alabi, mai tallan kayan ado da ke ɗauke da tsagar Yarabawa, ta yi shelar alfahari da fuskarta a kafofin intanet har duniya ta san da ita. A nata misalin, abin da “aka yi mata” tana jaririya ne ta karɓa ta mai da shi nata, wato ta fitar da shi daga tsarin (2) zuwa tsarin (3).

A Arewa kuwa, masu ƙunshi su ne magadan fasahar zanen jiki a yau. Suna ƙirƙirar salo, ana gane hannun kowace, ana ɗaukar hoton aikinsu ana yaɗawa, kuma su ake nufi da tambaya ta (5b). Abin da ya kamata a yi hattara da shi kawai shi ne baƙin dayis, domin yakan ƙunshi sinadarin PPD, wanda ke sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da kumburi, har ya bar tabon da ba a nema ba.

6.0 Addini da Doka

Dalilan ja da bayan tsaga da jarfa sananne ne. Na farko shi ne addini: hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya la'anci mai yin washamu da wadda ta nemi a yi mata, kuma washamu a Larabci shi ne tsira fata a cusa launi, wato jarfa ke nan. Malamai sukan haɗa wannan da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i a kan sauya halittar Allah. Lalle bai shiga wannan hukunci ba, shi ya sa ya bunƙasa a daidai lokacin da jarfa take mutuwa. Na biyu shi ne tsoron cututtukan da ake ɗauka ta jini in an yi amfani da aska ɗaya, musamman bayan bayyanar ƙanjamau a Nijeriya a 1986. Na uku shi ne haihuwa a asibiti da takardun shaida, waɗanda suka karɓe aikin da fuska take yi. Na huɗu kuwa doka ce: sashe na 24 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya hana a yi wa yaro tatu ko tsaga, ya kuma tanadi tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba, ko duka biyu.

Abin da ya shafi masana harshe a nan shi ne, dokar ta ambaci abubuwa biyu dabam-dabam, kuma Hausa tana da kalmar kowanne. Mai fassarar da ya haɗe su ya ce “zanen jiki” ya jawo mai ƙunshi cikin laifin da ba nata ba, wanda kuma ya ce “tsaga” kaɗai ya bar rabin dokar a baya.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa Hausa ta kasa zanen jiki gida huɗu, kuma nahawunta yana bambanta zanen da aka yi wa mutum domin a jingina shi da al'umma, da wanda mutum ya yi domin ya bayyana kansa. Tatu ya faɗa gida na biyu tun ranar da ya shigo, don haka fassararsa mafi dacewa ita ce jarfa, ko jarfar zamani in ana son a bambanta, kuma ya kyautu 'yan jarida da masu fassarar dokoki da masu tsara ƙamus su daidaita a kan haka. An kuma ga cewa mai fasahar Hausa ya saba sa alamarsa a laƙabi da kirari da abin kiɗa, wanda hakan, tare da hukuncin addini, ya taƙaita yaɗuwar tatu a tsakaninsu.

Aikin da ya rage na gaggawa ne. Sunayen tsaga suna bakin tsofaffin wanzamai, sifofinta kuma suna fuskokin dattawa, dukkansu kuwa tafiya suke yi. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu su tura ɗalibai wurin Sarakunan Aska, a rubuta kowane suna da karin sautinsa, a zana sifarsa, a faɗi gidan da ke yin sa, sa'an nan a kwatanta da takwarorinsa a Alago da Eggon da Migili da Gwandara da Tibi da Barbarci. Irin wannan kwatance zai nuna wace al'umma ta ari aska daga wace, kamar yadda nazarin aron kalmomi yake nunawa, kuma Lafiya tana cikin wuraren da suka fi dacewa a fara shi.